Daga Bronx zuwa Albany, wurin tsohon jirgin rakiya

Auren ɗiyar yayana ne ya fitar da ni daga Kano zuwa New York a ƙarshen damina. Dangi suka ce tunda ni ne ƙanin uba mai sauran ƙarfin tafiya, ni zan wakilce su. Ba zan ɓata muku lokaci da zancen biza ba, duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan layi na Abuja ya san sauran labarin. Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Alƙahira, daga nan aka yi ta keta hazo har ƙafafuna suka kumbura a cikin takalmi.

A wurin binciken kaya ne aka fara wasan. Gwaggonnin amarya sun cika min jaka ɗaya da tsaraba: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, da kilishi mai yawa. Na bayyana musu cewa ina ɗauke da kayan abinci, aka nuna min wani teburi. Jami'ar ta sa safar hannu tana buɗe ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan daddawa sai ta ja da baya, ta kira abokin aikinta, suka yi ta jujjuya ta kamar za ta fashe. A ƙarshe suka bar min ita, suka bar kuka da yaji, amma kilishin nan kaf ya tafi kwandon shara, domin dokarsu ba ta yarda a shigo da nama ba ko da busasshe ne. Ina ji ina gani. Da na faɗa wa Yaya a mota, ya fi jimamin kilishin a kan gajiyata.

Bronx, unguwar da na sauka a birnin New York, ba ta ba ni wahalar sabo ba. Ka fito masallaci ka ji Hausar Zangon Kumasi a dama, ta Yamai a hagu, ga mai shago yana sayar da goro da gero. Aka ɗaura aure, aka yi walima, aka kai amarya. Bayan hayaniya ta lafa sai zaman gida ya fara isa ta, kowa ya fita aiki tun asuba, ni da talabijin. Ƙanin amarya, wanda ya san ni malamin tarihi ne a sakandare, shi ya kawo shawara.

"Baffa, akwai wani jirgin yaƙin zamanin Hitila a Albany, yana nan a kan ruwa, ana shiga har ciki. In kana so ranar Asabar mu je."

Ban bari ya rufe baki ba.

Mun kama jirgin ƙasa na Amtrak daga tashar Penn da sassafe. Tikitin kowannenmu ya haura dala hamsin, yaron ya ce da mun saya tun da wuri da ya fi sauƙi, domin kuɗin yana hawa ne gwargwadon matsowar ranar tafiya. Babu mai bincikar jaka, babu ɗan sanda mai tambayar ina za ka, sai mai duba tikiti da ya haska wayar yaron ya wuce. Ya zaunar da ni a gefen hagu, wajen taga, ya ce nan ne ake kallo. Gaskiyarsa. Layin dogon yana bin gaɓar Kogin Hudson ne kusan tun daga fitowa birni har ƙarshen tafiya, wani wurin ma kamar ka miƙa hannu ka taɓa ruwa. Lokacin kaka ne a can, ganyen itatuwa ya rikiɗe ja da rawaya a kan duwatsu. A Ossining jirgin ya ratsa ta tsakiyar gidan yarin Sing Sing, katanga dama katanga hagu. Can gaba ya nuna min West Point a tsallaken kogi, makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasarsu, sai kuma kangon wani gini mai kama da fada a kan ɗan tsibiri. Awa biyu da rabi muka sauka a Rensselaer, wadda kogi ne kawai ya raba ta da Albany.

Mutane da yawa a gida suna zaton birnin New York ne hedikwatar jihar. Albany ce, kuma gari ne mai shiru ƙwarai, ranar Asabar titunan tsakiyarsa fayau. Tasi ta tsallakar da mu gada, muna gangarowa sai ga shi a ɗaure a bakin ruwa. USS Slater, lamba 766 a rubuce a goshinsa.

Abin da ya fara zuwa min a rai shi ne ƙanƙantarsa. Na zo da hoton wani dodon ƙarfe a kaina, sai na tarar da siririn jirgi mai tsawon ƙafa 306, wato kamar mita 93, faɗinsa bai kai ƙafa 37 ba. An yi masa fenti ɓangare-ɓangare, shuɗi da toka da baƙi-baƙi, a karkace. Wannan zanen ba don a ɓoye jirgi ake yin sa ba, don a rikita mai leƙowa daga jirgin ƙarƙashin teku ne, ya kasa gane ina ya dosa da irin gudun da yake yi. Kuɗin shiga bai kai dala ashirin ba. Aka haɗa mu da wasu iyalai biyu, aka ba mu jagora, wani dattijo mai farin gashi da hular sojan ruwa, wanda ya ce aikin sa kai yake yi, ba a biyan sa ko sisi.

Tun a kan dandamalin baya ya fara yi mana bayanin dalilin ƙera irin waɗannan jirage. Birtaniya tsibiri ce, abincinta da man feturinta da makamanta ta teku suke zuwa. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka tare hanya a Atilantika, suna nutsar da jiragen kaya ba ƙaƙƙautawa, har yaƙi ya ƙare sun halaka kusan 3,000. Maganin da aka samo shi ne a daina tafiya ɗai-ɗai, a tara jirage da yawa su tafi ayari guda, jiragen yaƙi na kewaye da su. Wanda ya taɓa jira a bakin hanyar Birnin Gwari sai motoci sun taru sojoji sun zo sun yi rakiya, ya riga ya fahimci dabarar. Matsalar ita ce manyan jiragen yaƙi masu gudu suna da tsada kuma ana buƙatarsu a fagen daga. Sai aka fito da wani samfuri mai arha, mai saurin ƙerawa, wanda gudunsa ya ishi bin ayari da korar jirgin ƙarƙashin teku, iyakarsa ke nan. Amurka ta ƙera 563 a lokacin yaƙin, ta ba Birtaniya 78 daga ciki. Yau a duk faɗin Amurka Slater kaɗai ya rage a kan ruwa. Akwai wani ɗan'uwansa, USS Stewart, a Galveston ta jihar Texas, amma shi a tudu yake.

Sunan kuwa na wani saurayi ne, Frank Slater, ɗan manoma daga jihar Alabama. Yana riƙe da bindigar harbo jiragen sama a kan jirgin yaƙi USS San Francisco a Guadalcanal, wani tsibiri a tekun Fasifik, ranar 12 ga Nuwamba 1942, wani jirgin saman Japan da aka harba ya nufo inda yake. Bai bar bindigar ba har jirgin ya faɗo a kansa. Mahaifiyarsa aka gayyato Tampa ta jihar Florida ta ƙaddamar da jirgin da aka sa wa sunan ɗanta, ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 1944.

Daga nan muka shiga ciki, a nan ne kuma na raina kaina. Matakalan a tsaye suke cak, na ƙarfe, sai ka juya baya ka riƙe da hannu biyu. Ni kuwa da doguwar riga har ƙasa da jaket a sama. Na tattare rigar na cusa a wando, yaron yana ƙasa yana cewa, "Baffa a hankali, saura uku." Kowace ƙofa tana da dokin ƙarfe da sai ka ɗaga ƙafa sosai, kana ɗaga ƙafa kuma goshinka na neman bugun sama. Hulata ta faɗi har na gaji na sa ta a aljihu.

Mutum 216 ne ke zaune a cikin wannan jirgi, hafsoshi 15, sauran ƙananan sojoji, yawancinsu samari da ba su daɗe da barin makaranta ba. Na tsaya a ɗakin kwanansu na daɗe ina kallo. Gadajen tamfol ne da aka ɗaure a jikin bututun ƙarfe, hawa uku-uku, rataye da sarƙa. Tsakanin gado da na samansa, in ka kwanta ba ka iya tashi zaune, juyi ma sai da dabara. Kayan mutum duka a ɗan akwati suke ƙarƙashin gadon ƙasa. Kicin yana sama, ɗakin cin abinci yana ƙasa, saboda haka kowace tukunyar miya sai an sauko da ita ta irin matakalar da ta kusa kayar da ni, jirgi kuma yana tangaɗi. Dattijon ya ce irin waɗannan jirage sun yi ƙaurin suna wajen gara mutane a teku, har sojojinsu na barkwanci cewa ya kamata a biya su alawus na matuƙan jirgin sama da na jirgin ƙarƙashin teku gaba ɗaya, tunda rabin lokaci suna sama rabi suna cikin ruwa. Mu da muke kan kogi lafiya lau, ɗaure da igiya, ina jin warin dizal da fenti yana juya min ciki.

Banɗakin ne ya fi ba ni mamaki. Wani dogon kwami ne na ƙarfe, ruwan teku na gudana a cikinsa, an jera katakan zama a kai, babu labule babu katanga. Ɗaya daga cikin katakan an shafa masa jan fenti, na masu ciwon sanyi ne. Ruwan daɗi kuwa tace shi ake yi daga na teku, injina da girki ke da haƙƙin farko, wanka sai ka jiƙa jiki ka kashe famfo, ka sa sabulu, ka ɗauraye cikin gaggawa. Na ce wa yaron, mu da muke sayen jarka a hannun 'yan garuwa ba za a koya mana wannan ba.

Ɗakin hafsoshi daban ne, da teburi mai shimfiɗa da kwanukan tangaran. A saman teburin akwai manyan fitilu, domin in an yi rauni a nan ake kwantar da mutum a yi masa aiki, kuma galibi babu cikakken likita a jirgin, sai ma'aikacin jinya. Na tambayi dattijon su wa ke hidimar wannan ɗaki. Bai ɓoye ba, ya ce baƙaƙen fata, domin a wancan zamani kusan aikin da rundunar ruwa ke ba su ke nan a cikin jirgi, girki da jera kwano. Ya ce amma akwai jirgin rakiya guda, USS Mason, da aka ba baƙaƙen fata mafi yawan ayyukansa a 1944, a matsayin gwaji. A watan Oktoba na shekarar suka raka wani ayari na kwale-kwalen dakon kaya cikin muguwar guguwa har dandamalin jirginsu ya tsage, suka yi masa walda a tsakiyar teku suka ci gaba da aiki. An ba da shawarar a karrama su, takardar ta kwanta shekara hamsin kafin a waiwaye ta. Yaron, wanda a Amurka aka haife shi, bai taɓa jin labarin a makaranta ba.

Wajen makamai ne yaran da ke cikinmu suka farka. Akwai igwa uku masu bakin inci uku, da bindigogin harbo jiragen sama, har aka bar mu muka hau kujerar ɗaya muna juya ta da hannu, mutum ɗaya na kai ta dama da hagu, ɗaya na ɗaga bakinta. Amma ainihin sana'ar jirgin tana baya da gaba. A baya akwai layuka biyu na gangunan nakiya da ake gangarawa cikin ruwa, da wasu bututu takwas a gefe masu cilla su nesa. Kowace ganga ana saita ta ta fashe a zurfin da ake so, nauyin ruwa ne ke tayar da ita. Wahalar ita ce na'urar sona, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa, tana rasa abin da take bi idan jirgi ya zo dab da kansa. A wannan ɗan taƙin mai jirgin ƙarƙashin teku yakan karkata ya sulale. Shi ya sa Turawan Ingila suka ƙirƙiro makamin da ake kira Bushiya, wanda ke girke a gaban jirgi: ƙananan bama-bamai 24 a tsattsaye kan ƙusoshi, a harba su gaba tun ana jin abokin gaba a na'ura, su faɗa ruwa a da'ira. Ba sa fashewa sai sun taɓa ƙarfe. In an ji shiru an kuskure, in an ji ƙara to an samu. Da irin wannan makami USS England ya nutsar da jiragen ƙarƙashin teku shida na Japan cikin kwana 12 a watan Mayu 1944.

Ganin duk wannan, sai wani mutum a cikinmu ya yi tambayar da ke bakin kowa: Slater guda nawa ya nutsar?

Dattijon ya yi murmushi ya ce ko ɗaya.

Tarihin aikinsa kuwa ga shi. Bayan gwaji a Bermuda, an tura shi Key West ta jihar Florida inda ɗaliban sona ke koyon aiki a kansa, ya kuma zama abin hari ga masu koyon harba tofido, wato bam mai gudu a cikin ruwa, daga jirgin sama. Ya taɓa ɗauko tofido da aka ciro daga U-505, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus da Amurkawa suka kama da ransa ranar 4 ga Yuni 1944 a tekun da ke yamma da gaɓar Afirka, wanda yanzu yake ajiye a Chicago. Daga ƙarshen 1944 zuwa Mayu 1945 ya raka ayari biyar zuwa Ingila da Wales. Da Jamus ta miƙa wuya aka tura shi Fasifik ta mashigin Panama, amma kafin ya kai ga fagen daga Japan ma ta sallama. Ya isa Manila a watan Satumba, ya raka ayari zuwa Yokohama, ya yi 'yan watanni a yankin, ya dawo gida aka jingine shi.

Na lura mai tambayar ya ɗan ji kamar an cuce shi kuɗin tikiti. Ni ban ga haka ba. Tun watan Mayu 1943, da Jamus ta yi asarar jiragen ƙarƙashin teku sama da 40 a wata guda har shugaban rundunar ruwanta, Admiral Dönitz, ya janye sauran daga arewacin Atilantika, ƙarfinsu ya karye, ko da yake ba su daina kisa ba sai ranar ƙarshe. Slater ya shigo ne bayan wannan. Aikinsa ya fita cikin hunturun Atilantika, fitilu a kashe, mutane a tsaye kan gadi awa huɗu-huɗu cikin ruwan ƙanƙara, mai sona yana sauraron ƙara iri ɗaya dare da rana, a kai kaya a juyo. Mu masu koyar da tarihi mun saba da kawo wa yara labarin irin su USS Samuel B. Roberts, jirgin rakiyan da ya tunkari manyan jiragen Japan a Samar ta ƙasar Filifin ranar 25 ga Oktoba 1944 har ya nutse, wanda sai a 2022 aka gano gawarsa a zurfin kusan kilomita bakwai. Labari ne mai daɗin faɗa a aji. Amma mafi yawan jiragen nan 563 rayuwar Slater suka yi, kuma da ita aka ciyar da Birtaniya.

Yadda ya tsira daga masu yankan ƙarfe ma labari ne. A 1951 aka miƙa shi ga ƙasar Girka, suka sa masa suna Aetos, ya yi musu aiki shekara 40, har ya fito a fim ɗin The Guns of Navarone na 1961. Da suka sallame shi a 1991, tsofaffin sojojin jiragen rakiya a Amurka suka yi karo-karo na kusan dala dubu 300, aka ɗauko hayar wani jirgin ja na Rasha ya jawo shi daga tsibirin Crete zuwa New York a 1993. Na ga hotunan isowarsa, tsatsa ce tun daga sama har ƙasa, an kwashe kusan komai na ciki. A 1997 aka kawo shi Albany, a 2012 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Duk abin da na gani a ciki, daga rediyo har cokali, masu aikin sa kai ne suka nemo suka mayar. Ranar ma na ga wasu dattawa biyu a durƙushe suna kankare tsatsa a gindin igwa, ɗaya da na'urar ji a kunne. Na tuna halin da wasu gidajen tarihinmu suke ciki, inda kowa ke jiran gwamnati ta kawo kuɗin fenti, na ja bakina na yi shiru.

Mun fito da la'asar, iska mai sanyi na busowa daga kogi. Muka yi alwala da ruwan gora a gefen wurin ajiye motoci, yatsuna har suka ƙage, muka yi salla a kan ciyawa, babu wanda ya ko kalle mu. A titin Central Avenue muka samu gidan abincin halal na wasu 'yan Afganistan, shinkafa mai zabibi da karas da naman rago, kwano ɗaya ya ishi mutum biyu amma yaron ya cinye nasa tas. Masaukin da muka kwana na talakawa ne a bakin hanya, an ce dala ɗari da 'yan kai, da aka zo biya haraji ya hau kai, aka kuma riƙe wani abu a kati wai ko za mu fasa musu kaya. Washegari muka biyo bas saboda ya fi arha, na yi barci har Manhattan.

Daren nan bayan isha'i ina ba da labari a ƙofar masallaci, sai wani dattijo ɗan Kumasi da kowa ke kira Baba ya matso da kujerarsa. Ya ce mahaifinsa yana cikin sojojin da aka kwasa zuwa yaƙin Bama. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa suka yi yawa a cikinsu har Hausa ta zama harshen bariki, ta teku aka kai su Indiya a 1943 da 1944, cikin ayari, da jiragen yaƙi na rakiya. Na ce masa ba Slater ne ya raka su ba, shi hanyarsa daban. Ya ce ya sani, amma tsohonsa har ya rasu ba ya son zancen dajin Bama, abin da yake yawan faɗa shi ne amai a cikin jirgi, da yadda aka hana kunna ko ashana a waje da dare, da wasu ƙananan jirage da suke gani can nesa suna kai da kawowa ba su san aikin me suke yi ba.

"Malam, in an buɗe baɗi sai a kai ni in gani," in ji shi, domin na faɗa masa ana rufe jirgin a ƙarshen Nuwamba sai Afrilu.

Yaya ya ce, "Baba, da wannan gwiwar taka? Matakalar nan ko shi da ƙyar ya sauka."

Baba ya ce gwiwarsa ce ba ta wani ba. Suna wannan musu na bar su na shiga haɗa kaya, domin jirgina na jibi ne kuma ban sayi tsarabar kowa ba.